A Tambayi Makaɗi Kiɗansa, Ba Tarihinsa Kaɗai Ba

Hirarrakin da manazartanmu suke yi da makaɗan Hausa sun fi karkata ga tarihi: ina aka haife ka, wa ya koya maka, wane sarki ka yi wa waƙa? Da wuya a tambayi mai taushi yadda yake ɗaure fata, ko ɗan amshi yadda yake gane inda ubangidansa zai ajiye numfashi. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Waƙoƙinsu suna nan a faifai, amma ilimin hannu yana bin masu shi kabari.

Akwai kuma wani giɓin. Tun rikicin shekarar 2000, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, har a cikin nazarinmu. A Sabon Tasha da Barnawa da Kakuri, mawaƙan majami'u da ƙungiyoyin Zumuntar Mata suna rera waƙa da Hausa, wani lokaci da muryoyi huɗu bisa tsarin Turai, suna kokawa da karin sautin kalma idan ya saɓa wa karin waƙa. Wannan matsala ce ta masanin harshe tsantsa. Ɗalibanmu nawa suka haye gadar da rakoda a hannu?