Gwamnan da ya ƙi raba ganima

Ran 23 ga watan Yuni 1981 majalisar dokokin jihar Kaduna ta tuɓe Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa daga kujerar gwamna, bayan wata 20 da ƴan kwanaki bisa mulki. Shi ne gwamna na farko da aka yi wa haka cikin tarihin Najeriya. Har yau akwai ƴan siyasa, can da nan, masu kawo sunansa in suna son su tsorata yaro mai zafin kai: ga abin da taurin kai ke jawowa, in ji su. Wannan magana ƙarya ce, kuma ya kamata a faɗa ma masu yin ta.

Mutanen Maraɗi ba baƙin wannan labari ba ne. Lokacin nan Katsina na cikin jihar Kaduna, sai 1987 aka ware ta. Duk ɗan kasuwar da ya bi hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, ƙasar Balarabe ya taka.

Mi ya aikata? Ya hau mulki ran 1 ga Oktoba 1979 da tutar PRP ta Malam Aminu Kano. Bai fara da gina fada ba, bai fara da sayen motoci ba. Ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Wanda ya san ƙauye ya san nauyin wannan aiki. Lanho ba kuɗi kaɗai ba ne. Shi ne igiyar da hakimi da dagaci ke riƙe da wuyan talaka. Saboda shi manomi ke saida hatsinsa da kaka a wulaƙance, saboda shi Bafillace ke kwana daji da shanunsa yana gudun masu ƙidaya. Daga nan gwamnan ya kafa kwamitin binciken gonakin da manya suka ƙwace. Kowa ya gane inda aka dosa.

Majalisa kuwa tana hannun NPN, wadda ta kwashe fiye da kujera 60 cikin 99. Sau da yawa ya aika da sunayen kwamishinoninsa, sau da yawa aka maido masa. Farashin sulhu sananne ne: a ba masu rinjaye rabonsu na muƙamai, a zauna lafiya. Ya ƙi. Ya yi mulkinsa ba kwamishina ko ɗaya har ranar da aka tuɓe shi.

Masu sukarsa na cewa da ya sassauta, da ya cika shekara 4, da talaka ya fi cin moriya. Hujja ce mai kama da hankali. Amma a tambaye su: gwamnan da ya miƙa ma'aikatar gona ga waɗanda yake binciken gonakinsu, wane aiki ya rage masa? Gwamnoni nawa suka cika wa'adinsu na 1979 zuwa 1983, wa ke tuna abin da suka sauke daga kan talaka? Daɗewa bisa kujera ba hidima ba ce.

Nijar ma ta ga irin wannan rikici, amma ta baibai. Cikin 1995 shugaban ƙasa Mahaman Usman da firaminista Hama Amadu sun yi zaman ƴan marina, ana jayayya kan naɗe-naɗe da taron ministoci, alhali ma'aikata na bin bashin albashi. Ran 27 ga Janairu 1996 Kanar Bare Mainasara ya raba gardama da bindiga. A Kaduna an yi faɗa don wani ya ƙi raba ganima. A Yamai an yi shi kan wa zai raba ta.

Gwamnonin jihohin Nijar 8 ba zaɓensu ake yi ba, daga Yamai ake naɗo su. Wannan bai ɗauke masu tambayar ba, ƙara mata nauyi ya yi: wanda talaka bai ɗora ba, mi zai sa ya ji kukan talaka, in ba tsoron Allah da kunya ba? Ɗan kasuwar da ake tatsa a kowane shinge, da malamin lakkol mai koyarwa cikin rumfar kara, ba su buƙatar jawabi. Abu guda suke son sani: wane kaya aka sauke masu?

Balarabe Musa ya rasu a Kaduna ran 11 ga Nuwamba 2020. Sunayen waɗanda suka ɗaga hannu suka tuɓe shi, sai an tona takardu.