Sanin Ƙarfin Kai Ma Ɓangare Ne na Dabarun Bincike

A sassanmu na nazarin Hausa, ɗalibin da aka fi yabo shi ne wanda aka ce ba ya barci. Ina ganin wannan yabo yana yi wa ilimi ɓarna.

Irin aikinmu ba ya jure gajiya. Mai nazarin karin sauti da kunne yake aiki, kunne kuwa yana dakushewa kamar wuƙa. Abin da ya raba garin da ake zama a cikinsa da garin tuwo tsawon wasali ne kawai, kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna shi. Wanda ya kwana yana juyar hira daga na'ura zuwa takarda, kafin asuba ya fara jin abin da yake tsammani maimakon abin da mai maganar ya faɗa. Kuskuren sai ya shiga kundi, daga kundi ya shiga mujalla, na baya su ɗauka su yi gini a kansa.

Matsin da ke kawo haka sananne ne. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ci wata takwas, bayansa aka yi ta matse zangunan karatu. Ɗaliban babbar digiri da yawa kuma suna koyarwa da rana, ga ɗawainiyar iyali. Wa'adi ba ya hannun ɗalibi, amma tsarin yininsa yana hannunsa. Ya kamata ya lura da lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta fi kaifi, ya ba shi aikin da ya fi wuya, ya bar daidaita shafuka da gyaran rubutu ga lokacin kasala. Idan ya karanta sakin layi sau uku bai fahimta ba, jiki magayi ne, sai ya rufe littafin.

Za a ce magabata ba su san hutu ba. To, ƙamusun Bargery da ya fito a 1934 ya ci shekaru fiye da goma ana tattara shi, ga shi har yau muna komawa gare shi. Abin koyi a wurinsu juriya ce ta shekaru.

Saboda haka ina kira ga masu duba kundaye: ranar da za a amince da batun bincike, a zauna da ɗalibi a auna nauyin aikin da ƙarfinsa, a rage faɗin batun idan ya yi masa yawa. Kammalallen nazarin karin harshen gunduma ɗaya ya fi nazarin jiha guda da aka watsar a babi na uku.