Monnerville: kujera a Paris ba mulkin kai ba ce

Ƴan uwa talakawa, Nasara sun sha nuna mana Gaston Monnerville suna cewa: ga baƙar fata, jikan bayi, ya riƙe shugabancin majalisar dattawan Faransa tun 1947 har 1968, to me kuke nema kuma?

Ba mu raina mutumin ba. An haife shi a Kayen, ƙasar Giyana, a 1897. A 1931, a kotun Nant, yana cikin lauyoyin da suka tsaya wa mutanen ƙasarsa 14, aka sallame su duka. Ya shiga sojan ruwa a 1939, da Jamus ta mamaye Faransa kuwa ya faɗa daji ya yi yaƙin sunƙuru. A 1962 ya fito fili ya ce gwamnatin De Gol ta taka tsarin mulki. Namiji ne, ba shakka.

Amma in an kawo muku sunansa a kasuwa, ku tambaya: ina ƙasarsa ta kwana? Yana cikin waɗanda suka sa aka mai da Giyana yankin Faransa a 1946. Nijar ta sami mulkin kanta a 1960. Giyana kuwa, har yau daga Paris ake naɗo mata wakilin gwamnati.