Kada mu sayar da makarantar 'ya'yanmu a kan kilo



Yau ku yi min uzuri, ba sanarwar taro ko tunin kuɗin wata na zo da shi ba. Wata magana ce ta daɗe tana ci min rai, kuma tsohuwar mota ce ta sa na ga ya kamata in faɗe ta.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana wata ƙaramar Boswaja, irin mai ƙusumbin nan da ake kira Bitil, wadda ya saya a 1978. Ta fi shekara ashirin a ajiye a tsakar gidanmu a Asata, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da kujerar baya akurki. Bara wasu samari 'yan gwangwan, yaranmu ne na gida, suka zo suka yi mata kuɗi a kan kilo. Har mun kusa daidaitawa sai babban ɗana, mai shekara 15, ya ɗaga murfin gaba ya ga babu inji, ya zagaya baya ya same shi, ya ce, "Baba, wannan ina ake zuba mata ruwa?" Na ce ba ta shan ruwa. Ya ce to me yake sanyaya ta? Na yi shiru. A cikin motar nan na girma, ita ta riƙa kai mu gida kowace Babbar Sallah, amma ban iya ba ɗana amsar da ta wuce kalma biyu ba. A ranar na ba samarin haƙuri, na ce an fasa.

Ga waɗanda ba su riski zamaninta ba, motar nan a ƙasar nan aka haɗa ta. A 1975 kamfanin Volkswagen ya fara haɗa motoci a Ojo, kan hanyar Badagiri a Legas, a shekarar da Fijo ya fara nasa a Kaduna. Lokacin kuɗin Udoji ne, malamin makaranta da akawu suna iya shiga sabuwar mota. Mu nan Inugu ma an buɗe mana ANAMMCO a Emene a 1980, ana haɗa manyan motocin Marsandi. Daga baya Naira ta karye bayan tsarin SAP na 1986, masana'antun suka yi ta durƙushewa, muka koma 'yan kwatano. Ita kuwa Bitil, sai a watan Yulin 2003 aka ƙera ta ƙarshe a Meziko, bayan an yi sama da miliyan 21. Shi ya sa har gobe ba a rasa kayanta a duniya.

Wanda ya jagorance mu aikin wani dattijon bakanike ne, Ibo, abokin mahaifinmu, wanda aka haifa a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya daina aiki a Coal Camp saboda ciwon baya. Sharaɗi ɗaya ya gindaya min. Ya ce, "Malam, ni ba zan taɓa sifana ba. Zan zauna a kujera, kai da yaranka ku yi. In ba haka ba ka kai ta gareji." Ran Lahadi bayan ya taso daga coci yake zuwa. Wanke-wanken ƙarafa kuma mu yi shi ran Litinin, tunda kowa ya san yadda Litinin take a wannan yanki a lokacin, tun daga 2021.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne sauƙin sauke injin. Noti huɗu ne suka riƙe shi da akwatin giya. Ka cire wayoyi da tiyon mai da wayar totur, ka tara jak a ƙasa, ka ja shi baya, ka ɗaga motar, shi ke nan ya fito. Ni da yara biyu muka ɗora shi a kan tsohon teburin ɗinki. Silinda huɗu ce, biyu dama biyu hagu, a kwance suna kallon waje. Babu lagireto. Fanka ce a cikin wani gida na kwano take hura iska a kan silindodin, fanbel ɗaya ke juya ta. In fanbel ya tsinke ka ci gaba da tafiya, ka kashe injinka. Ga amsar tambayar ɗana, ya gan ta da idonsa.

Dattijon ya sa muka shimfiɗa kwali, kowane ƙarfe da muka cire mu ajiye shi a jere mu rubuta lambar silindarsa da alli. Da muka buɗe sai ga ciwon: bawul ɗin hayaƙi na silinda ta uku ya ƙone, fistin ɗinta ya ci jiki. Ya yi dariya ya ce ita ta uku dama an san ta da saurin zafi, amma ba laifinta ba ne ita kaɗai. Ya nuna mana inda ya kamata a ce akwai wasu 'yan kwanuka da ke kai iska ƙarƙashin silinda, babu su. Wani mai gyara ne shekarun baya ya cire su ya jefar, don a ganinsa kwalliya ce mai ɓata lokaci. Kwanon da bai kai farashin lemo ba shi ya ajiye mota shekara ashirin.

Mun raba bulok ɗin gida biyu, don haka aka yi shi, aka kai kiranshaf wajen masu gogewa suka auna suka goge, muka nemo mital daidai da sabon awon. Ita wannan mota ba a faɗaɗa mata rami kamar sauran, silindar ake cirewa ɗungurungum a sa sabuwa da fistin ɗinta da zobbanta. A nan na sha tawa. Na yi garaje na sayo zobban fistin a wani shago saboda araha, kwalinsu mai kyau kamar na gaske. Dattijon ya saka ɗaya a cikin silinda ya auna bakinsa, ya miƙo min ya ce in kai wa masu yin awarwaro. Kuɗin nan sun tafi. Sai da na shiga mota har Anaca, na yi yini guda tsakanin Nkpor da Mgbuka Obosi, kafin na haɗa abin da ake bukata.

Ranar haɗawa, ƙaramin ɗana ne ya saita bawul da hannunsa, milimita 0.15, inji na sanyi, yana zura ɗan siririn ƙarfen awo yana jin yadda yake kamawa. Babban kuma ya haddace jerin wuta, 1-4-3-2, ya jera wayoyin fulogi. Muka zuba baƙin mai lita biyu da rabi. Sau uku tana tari tana mutuwa. A na huɗu ta kama, da wannan ƙarar tata da duk wanda ya haura arba'in zai gane ko daga ɗaki. Mahaifiyarmu ta fito bakin ƙofa ta tsaya, ba ta ce komai ba, sai hawaye. Wata biyar muka yi.

To 'yan uwa, ga inda maganata ta dosa.

Allah Ya zaunar da mu a tsakiyar manyan kasuwannin kayan mota na ƙasar nan. Na Inugu ga Coal Camp. Na Anaca ga Nkpor da Obosi, ga Nnewi a kusa, garin da ya shahara da sayar da kayan babur har ya kai yau ana haɗa motocin Innoson a cikinsa. Na Fatakwal ga Ikoku. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, a cikin waɗannan wurare yaranmu nawa ne ke riƙe da sifana? Mun iya shanu da albasa da doya da canji, babu mai raina wannan, da shi aka rene mu. Sai dai yaron da ba shi da jari, me muke ba shi? Acaba, ita kuma an hana ta a cikin garuruwan nan uku. Sai baro, sai gadi, sai gwangwan.

Gwangwan sana'a ce ta halak, tana ciyar da gidaje da yawa, kuma ba na zargin kowa. Amma abin yana min ciwo in ga yaro mai kaifin basira ya sa guduma ya farfasa injin da bai taɓa ganin cikinsa yana aiki ba. Mu ne a ƙarshen layi: wani ya ƙera, wani ya sayar, wani ya gyara shekara talatin yana cin abinci, mu kuma mu zo mu auna gawar. Ko don tsaron lafiya ya kamata su san abin da suke sara. Bulok ɗin Bitil akwai sinadarin maganiziyam a jikinsa, in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi, ƙara masa ƙarfi yake yi.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa min a gaban idona bayan sallar Juma'a. Na farko, ɓarnar kuɗi ce. Gaskiya ne abin da na kashe ba zai dawo ba in na ce zan sayar da motar gobe, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu mai yawon banza da mota. Wanda abincin gidansa bai tsaya ba, ban ce ya taɓa wannan aiki ba. Amma ni ban ɗauke shi kuɗin mota ba, kuɗin makaranta na ɗauke shi. Mun sha biyan kuɗin lesin da yaro ya gama bai ƙaru da komai ba.

Na biyu, wai zamani ya wuce wannan inji, motocin yanzu kwamfuta ake jona musu. Haka ne. Amma kwamfuta lamba kawai take nuna maka. Wanda bai san yadda mai da iska da wuta ke haɗuwa su tura fistin ba, sai ya yi ta canje-canjen kaya da kuɗin mutane har ya dace. Ba a fara karatu daga Baƙara, daga Fatiha da ƙananan surori ake somawa. Injin Bitil shi ne allon farko: komai a fili yake, yaro na gani, yana taɓawa, in ya yi kuskure ba miliyoyi ya ɓata ba. Ka'idar da ke cikinsa ita ce a janareto, da Keke Napep, da injin ban ruwa da ke jiran su a gida Arewa.

Na uku shi ne mai nauyi. Wani dattijo ya ce min, "Sakatare, mu da muke zaman ɗar-ɗar, kullum jaka a ɗaure, ina mu ina ajiye ƙarfe?" Ban raina wannan magana ba, duk mun ga ranakun da aka rufe shaguna aka kwana a bariki. Amma a irin wannan rana shago ake bari, kaya ake bari, shanu ake bari. Abin da ke cikin kai da hannu shi ke bin mutum cikin mota. Yaron da ya iya inji a Coal Camp, in ya sauka Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, washegari zai ci abinci. Shi kansa dattijon da ya koya mana, da abin da ke hannunsa iyayensa suka baro Kano, da shi suka sake tsayawa da ƙafarsu.

Akwai kuma ribar da ban yi lissafinta ba. Wata biyar ɗin nan, yaran maƙwabta, namu da na Ibo, sun riƙa cika tsakar gidanmu suna rige-rigen miƙo sifana. Dattijon ya ci tuwo a gidanmu, mun je duba matarsa da ta kwanta asibiti. Zaman lafiyar da muke ta kiran taro a kansa, na ga ɗan yankinsa a kan teburin ɗinki.

Don haka ina ba da shawara uku, a matsayina na ɗan uwa, kafin shugabanni su duba. Duk mai tsohuwar mota a ajiye, Boswaja ce ko Fijo 404 ko 504, ya dakata da kiran masu kilo, ya fara tambayar ko akwai yaran da za su koyi wani abu a jikinta. 'Yan uwanmu masu gwangwan, in inji ya faɗo hannunku da sauran rai, ku ware ɗaya, a haɗa kuɗi a biya ku, a ajiye shi inda yara za su riƙa kwancewa suna ɗaurawa. Sannan iyaye, mu cire girman kai mu kai yaranmu koyon aiki wurin maƙwabtanmu, da yarjejeniya a rubuce da shaidu, a faɗi shekarun da za a yi, da lokacin salla, da ranar sallama. Su da wannan tsari na yaron gida suka gina kasuwanninsu, muna kallo.

Motar tana nan, jikinta duk tsatsa, fenti sai Allah Ya hore. Babban ɗana yanzu duk Asabar yana Coal Camp, kuma makon jiya shi ya gyara janareton masallacinmu. Duk wanda ke Inugu yake son yaronsa ya ga cikin inji, ya same ni bayan taron wata, ƙofa a buɗe take.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su sana'a mai albarka, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Naku,
Sakataren ƙungiya