Bidiyo ya koya mana, amma ina ɗakin gwaji?

Lokacin da muke ND1, darasin gudun ruwa a cikin bututu ya kusa kayar da ni. Malam ya cika allo da lissafi, na kwafa tsaf, amma ban gane komai ba. Lakcocin NPTEL na malaman Indiya a YouTube su suka cece ni. A nan na fahimci gwajin da Osborne Reynolds ya yi a 1883: ya saki launi cikin ruwan da ke bin bututun gilashi. In ruwan na tafiya a hankali, launin ya miƙe kamar zare. Da gudu ya ƙaru, sai ya hargitse. Na gane cewa danƙo ne ke sa zuma jan jiki inda ruwa ke wucewa fit. Kuma a tafiyar natsuwa, in ka ninka faɗin bututu biyu, matsi bai canza ba, abin da zai wuce ya ninka sau 16.

Amma 'yan'uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Gani ya kori ji, sai dai kallo ba ya koya wa hannu aiki. Na'urar wannan gwajin tana nan a ɗakin gwajinmu, ƙura ta rufe ta, wai famfonta ya lalace. Da na je SIWES, injiniya ya ce in auna raguwar matsi tsakanin wurare biyu a bututu, wallahi tsayawa na yi ina zare ido. Ga shi ba kowa ke da kuɗin data ba.

Don haka ƙungiyar ɗalibai ta kai kokenmu ga hukumar makaranta: a gyara na'urar nan. Mu dai mun kusa fita, ƙannenmu ne abin ji.