Mangalar Keke: A Duba Ƙarfe Kafin a Sayi Jaka

 Yau za mu tsaya ne a bayan sirdin keke, wurin ƙarfen nan da ake ɗora kaya, wanda masu gyaran keke ke kira kariya, 'yan lekol kuma su ce porte-bagages, da kuma jakunkunan da ake ratayawa a gefensa biyu. Magidancin da ke zuwa wurin aiki a kan keke, da malamin makaranta mai ɗauke da littattafan ɗalibai, da yaron da ake aike kasuwa kullum, duk da wannan ƙarfe suka dogara. Amma a wajen saye shi aka fi rainawa: sai a yi ta ciniki a kan launin jaka, ba a ko girgiza ƙarfen da zai ɗauke ta ba.

Masu jakuna sun riga mu sanin wannan sha'ani. Duk wanda ya ga ana labta wa jaki mangalar taki ko ta yashi ya san ƙa'idar: a fara ɗora akumari mai kyau, a raba nauyi gida biyu daidai, a bar shi ya sauka gefen cikin dabbar. In ɓari ɗaya ya rinjaya, kaya ya zame, bayan jaki ya yi miki. To, jakar gefen keke mangala ce, kariya kuwa ita ce akumarinta. Nauyin da ya sauka kusa da tsakiyar taya ba ya rinjayar mahayi a kwana, saɓanin kayan da aka jibga sama aka ɗaure da roba, wanda ke lilo da keken duk inda aka karkata. Kuma wanda ya taɓa goya jaka a baya cikin zafin watan Afrilu a Yamai ko Marwa ya san yadda riga ke isa wurin aiki.

Abu na farko da za a nema a jikin kariya shi ne lamba. Akwai ƙa'idar duniya ta kariyar keke, ISO 11243, wadda ta sa masana'antu buga iyakar nauyin da ƙarfen zai ɗauka a jikinsa. Yawancin na zuwa aiki kilo 25 ne ko kusa da haka. Kada lambar ta ruɗe mu, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 25 ita kaɗai ta cinye lissafin. Irin wadda ake maƙalawa a sandar sirdi kaɗai, ba ta da ƙafafun da suka sauka ƙasa, ba ta wuce kilo 10 ba galibi. Tana da kyan gani, amma ta 'yan yawon shan iska ce, ba ta mai cefane ba. A can ɗaya gefen akwai keken Buffalo na ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da aka ƙera wa kariya mai ɗaukar kilo 100 saboda hanyoyin karkarar Afirka. Kariyar da ba ta da lamba sam, sai a auna ta da hannu: a kama ta a jijjiga hagu da dama. In ta yi rawa ba kaya, da kaya sai abin da ya ƙaru.

Sai batun irin ƙarfen, kuma a nan ra'ayina a fili yake. Alminiyam ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, a hanyar kwalta mai laushi yana iya shekaru. Amma hanyar burji mai gargada tana gajiyar da shi sannu a hankali, har wata rana ya tsage a bakin walda ba sallama. In ya tsage kuwa, mai waldar unguwa ba zai iya haɗa shi ba, domin waldarsa na bukatar na'ura ta musamman da iskar argon. Baƙin ƙarfe ya fi nauyi, yana kuma tsatsa in fenti ya goge, amma yakan lanƙwashe kafin ya karye, kuma daga Damagaram har Garwa da wuya a sami garin da babu mai like shi kana tsaye. Wanda gidansa ke bayan inda kwalta ta ƙare, ya ɗauki baƙin ƙarfe ya jure wa nauyinsa.

Sau da yawa kuma ba ƙarfen ne ke fara ba da kai ba, noti ne. Kariyar zamani a wuri huɗu take kamawa: biyu ƙasa kusa da tsakiyar tayar baya, biyu sama ƙarƙashin sirdi, da ƙananan notuna masu kaurin milimita 5. Girgiza kan kwance su. Ɗaya ya faɗi a hanya, nauyin ya koma kan ɗan'uwansa, shi ma ya tsinke. Tsoffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix kariyarsu kan zauna ne a kan sandar tsakiyar taya, shi ya sa suke jure wahalar da suke jurewa. Kekunan hannu da ake shigowa da su daga Turai kuwa, wasu na tsere ne, babu ramukan notin ko ɗaya a jikinsu. Masu birkin faifai kuma sai kariyar da ƙafafunta suka buɗe suka kauce wa birkin. Saboda haka a tafi da keken kasuwa, a gwada a jikinsa kafin a miƙa kuɗi.

A duba gefen kariyar ma. In ƙafa ɗaya ce tak a kowane ɓari, jaka za ta riƙa lanƙwasawa tana shiga wayoyin taya. Ana son ƙafa biyu ko uku, ɗaya ta miƙe baya ta tare jakar. Kuma a hau a taka feda, a ga ko dunduniya na bugun jaka. In tana bugu, a matsa da jakar baya.

Ita jakar, abu uku ke kashe ta a ƙasashenmu: rana, ƙura, da ruwan Agusta. Rana kan cinye yadin nailan mai araha har ya riƙa yagewa kamar takarda, kuma araha dai ba ta ado. Ƙurar hunturu kan cika haƙoran zif, shi ya sa zif ne ke fara mutuwa a kusan kowace jaka. Wadda ake naɗe bakinta sau uku a ɗaure da maɗauri ta fi daɗewa, don babu abin lalacewa a ciki. Ruwa kuwa ta ramin allura yake shiga. Kamfanin Ortlieb na Jamus, wanda ya fara aiki a 1982, ya yi suna ne da like yadin jakunkunansa da na'ura maimakon ɗinki. Kayansa na da ƙarko, amma kuɗin jaka biyu na iya haura kuɗin keken da ake hawa a gidaje da yawa.

Abin da ya fi dacewa da aljihun yawancinmu yana wurin baduku ko telan da ke ɗinkin tamfol. Tamfol ɗin babbar mota, ko da tsoho ne, ya saba da rana da ruwa. A ce masa ya ninka gindin jakar da kusurwoyinta, ya yi murfi mai faɗi da zai rufo baki, ya kuma sa wani abu mai tauri a bangon da ke fuskantar taya. Gefen tsohuwar jarka da aka yanke ya isa. Ƙugiyoyin sama su zama na ƙarfe, a kafa su da noti ta cikin wannan bango mai tauri, kada a ɗinka su a yadi kaɗai. A ƙasa kuma a sa ƙugiya ta uku da roba mai ja, don kada jakar ta yi tsalle ta fice in an faɗa rami. Tunda ɗinki ne, takardu da littattafai su shiga leda tukuna in damina ta sauka. A kuma liƙa ƙyalle mai ƙyalli a bayanta saboda masu mota da dare.

Akwai magana guda ga iyaye. Kariya mai kilo 25 ba kujera ba ce, kuma yaro ɗan shekara 10 yakan kai kilo 30. Ƙaramin da bai kai haka ba ma, haɗarinsa ƙafa ce: dunduniya kan shiga wayoyin taya cikin ƙiftawar ido, raunin kuma mai wuyar warkewa ne. In dole ne a goya yaro zuwa makaranta, a nemi kariyar baƙin ƙarfe mai kauri, a sa masa matakin ƙafa, a rufe wayoyin gefe biyu da raga ko faranti, kuma ya sa takalmi mai rufe dunduniya.

Bayan an ɗaura sabuwar kariya, a yi mako guda ana aiki da ita, sannan a koma da sifana a sake ɗaure notunan huɗu, domin a makon farko suke saki. Daga nan sai a riƙa taɓa su duk ranar da aka sa wa taya iska, kuma a ajiye noti biyu da wosha a aljihun jaka.