Sabo Ake Yi Wa Kuka: Yaro, Tantabararsa Da Littattafan Hotuna

  

Wata rana cikin hunturu wani ɗalibina ɗan aji uku, wanda bai wuce shekara takwas ba, ya tsaya gabana zai ba da hadda sai ya kasa, alhali kuwa yaro ne wanda ba ya fashi, ba ya wasa da karatu. Na duba na ga idonsa ya yi ja. Na ce, "Kai, lafiya?" Ya yi shiru. Sai na kusa da shi ya ce, "Malam, wai tantabararsa ce muzuru ya cinye jiya da dare." Aji duk aka kwashe da dariya. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, sai na ce, "To sai me? Tantabara ce fa, ba mutum ba. Share hawayenka ka ba ni hadda." Yaron ya share, amma har aka tashi bai sake ɗaga kai ba.

Wannan magana tawa ta tsaya mini a rai, domin kuwa na san hadisin Abu Umairu, har na sha karantar da shi. Abu Umairu ƙanen Anas ɗan Malik ne, uwarsu ɗaya, Ummu Sulaim. Yana da wani ɗan tsuntsu mai jan baki, wanda Larabawa ke kira nugar, yana wasa da shi. Bukhari da Muslim sun kawo labarin, a ruwayar Abu Dawuda kuma an bayyana cewa tsuntsun mutuwa ya yi. Manzon Allah (SAW) ya shiga gidan ya ga yaron cikin baƙin ciki, ya tambayi dalili aka gaya masa. Bai ce ai tsuntsu ne kawai ba. Sai ya kira shi da alkunyarsa kamar yadda ake kiran manya, ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsun nasa cikin raha da lallashi. Shugaban al'umma ke nan, mai ɗauke da nauyin wahayi da na jama'a, ya sami lokacin tsuntsun yaro. Ni kuwa da aji ɗaya kacal ke hannuna ban samu ba.

Har ila yau, Ibn Hajar ya kawo a cikin Fathul Bari cewa wasu sun taɓa yi wa malaman hadisi gori, wai suna ruwaito abubuwa marasa amfani, suka buga misali da wannan hadisi. Sai wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙas, ya zauna ya ciro fa'idoji sittin daga cikinsa. Ashe abin da muke rainawa ba ƙarami ba ne.

To, me ya kawo maganar littattafai? Da na ba wani abokin aikina mai koyar da Turanci wannan labari, sai ya ce ai a Amurka da Ingila akwai littattafan yara masu hotuna da aka rubuta musamman don irin wannan rana, watau ranar da kyanwa ko kare ko tsuntsun yaro ya mutu. Ya ara mini waɗansu, muka karanta tare. Ra'ayina bayan na gama shi ne: akwai darasi a cikinsu wanda ya kamata mu ɗauka, akwai kuma abin da ya wajaba mu bar musu, sa'an nan lokaci ya yi da za mu rubuta namu.

Bari in fara da na farko. A shekarar 1971 wata marubuciya Ba'amurkiya, Judith Viorst, ta fitar da The Tenth Good Thing About Barney. Labarin wani yaro ne da kyanwarsa mai suna Barney ta mutu, ya yi ta kuka, ya ƙi cin abinci. Uwarsa ba ta yi masa tsawa ba. Sai ta ce ya tuno kyawawan abubuwa guda goma game da kyanwar. Ya ƙirga tara ya tsaya. Sai da ya taya ubansa shuka a lambu, ya ji yadda abin da ke cikin ƙasa ke canzawa ya taimaki tsiro, sa'an nan ya samo na goman. A 1985 kuma Hans Wilhelm ya fitar da I'll Always Love You, labarin yaro da karyarsa Elfie, suka tashi tare, ta tsufa gabansa, wata safiya aka tarar ta mutu. Maƙwabci ya ce zai ba shi ɗan kwikwiyo, yaron ya ce ba yanzu ba, maimakon haka ya ba maƙwabcin kwandon da Elfie ke kwana a ciki. Akwai kuma When a Pet Dies na Fred Rogers, 1988, wanda ba tatsuniya ba ce, bayani ne kai tsaye da hotunan yara na gaske, yana gaya wa yaro cewa abin da ya mutu ba ya farkawa, kuma jin baƙin ciki ba laifi ba ne.

Abu uku na ga sun haɗa waɗannan littattafai. Na ɗaya, ba sa ɓoye wa yaro gaskiya. Na biyu, ba sa kunyata shi don ya yi kuka. Na uku, suna ba shi abin yi da baƙin cikinsa, ko ya ƙirga alherin dabbar, ko ya kyautar da kayanta. Amfanin hoto kuwa shi ne, yaron da bai iya faɗin abin da ke ransa ba yana iya nuna yaron cikin littafi ya ce, "Baba, wannan ma kuka yake yi." Daga nan hira ta buɗe.

Yanzu mu dubi gidajenmu. Wani zai ce ai mu ba mu da wannan al'ada ta Turawa, ba ma kwana da kare a ɗaki. Gaskiya ne. Amma wane ne bai san yaro mai kiwon tattabaru ba, wanda ke tara kuɗin tararsa ya sayi gero? Wace unguwa ce babu yarinya mai 'yar akuyar da kakarta ta ba ta, ko kazar da shirwa ta ɗauke wa ɗan tsako tana kallo? Ga kuma ragon Layya, wanda yaro zai yi wata biyu yana ba shi dusa da harawa, yana yi masa wanka, har ya raɗa masa suna, ran Salla ya ga an kayar da shi. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Yaranmu suna shaƙuwa da dabbobi kamar yaran kowa, bambancin kawai shi ne mu ba ma kula.

Idan dabbar ta mutu, ɗayan biyu muke yi. Ko dai mu yi wa yaron dariya kamar yadda na yi, ko kuwa mu yi masa ƙarya, mu ce kyanwa ta tafi ƙauye, za ta dawo. Yaro ƙarami, musamman wanda bai kai shekara biyar ba, bai gama gane cewa mutuwa ba a dawowa daga ita ba, don haka sai ya zauna jiran abin da ba zai zo ba. Masu nazarin halayyar yara suna gargaɗin kada a ce masa barci take yi, domin yana iya tsoratar kwanciya da dare. Mu kuma muna da gargaɗin da ya fi wannan. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana yaro, ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da yaron ya gano an jefar da kyanwarsa a bola, ranar zai fara shakkar maganar iyayensa.

Daɗin daɗawa, mutuwar tantabara sau da yawa ita ce karon farko da yaro ke haɗuwa da mutuwa. Idan a nan ya koyi cewa rai na Allah ne, hawaye rahama ce, haƙuri kuma ba ya hana kuka, to ranar da kakarsa ko mahaifinsa zai rasu ba zai zo hannu rabbana ba. Ai Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, da Abdurrahman ɗan Auf ya yi mamaki, sai ya bayyana masa cewa wannan rahama ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai ba zan ce a kwaso waɗannan littattafai a zuba wa yaranmu haka nan ba. Akwai Dog Heaven na Cynthia Rylant, 1995, wanda ya ƙirƙiri aljannar karnuka, har aka zana Ubangiji a siffar mutum. Subhanallah, wannan ba ya shiga gidan Musulmi. A cikin Goodbye Mog na Judith Kerr, 2002, kurwar kyanwa ce ke zama a gida bayan ta mutu tana lura da mutanen gidan. Ko a littafin Barney ma, da yara suka yi gardama kan inda kyanwar take, uban cewa ya yi ba a da tabbas game da aljanna. Mu kuwa muna da abin faɗa. Alƙur'ani a Suratul An'am ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamarmu, kuma za a tara su zuwa ga Ubangijinsu. Nan za mu tsaya, kada mu ƙara wa yaro abin da ba mu da hujjarsa don kawai ya yi shiru.

Wani kuma zai ce, Malam, ina hukuncin zanen abu mai rai? Malamai sun yi saɓani a kan wannan, amma da yawansu sun sassauta a kan kayan wasan yara da na koyarwa, suna kafa hujja da 'yan tsanan Nana A'isha (RA), waɗanda har da doki mai fukafukai a cikinsu, Manzon Allah (SAW) ya gani ya yi dariya bai hana ba.

Saboda haka kirana ga marubutanmu da masu zane shi ne, a yi mana namu. Ba mu rasa abin faɗa ba. Ga Abu Umairu da tsuntsunsa. Ga Abu Huraira, wanda 'yar kyanwa ce ta jawo masa wannan alkunya. Ga mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, ga kuma matar da aka azabtar don ta kulle kyanwa har ta mutu. A rubuta labarin yaro da ragon Layya cikin shafi ashirin, da boko da ajami gefe da gefe, da hoton gida irin namu, mai zaure da turke. Tun daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam yaranmu suka saba jin hikima daga bakin aku, ba za su ƙi littafin tantabara ba.

Kafin littattafan su samu, ga abin da kowane uba da uwa za su iya yi. Ku gaya wa yaro gaskiya da kalma mai sauƙi, ta mutu, ba za ta dawo ba. Ku bar shi ya yi kukansa, ku hana yayyensa tsokana. Idan yana zargin kansa don ya manta rufe ɗakin tattabaru, ku nuna masa yadda zai gyara gaba ba tare da gori ba. Ku haƙa rami tare ku rufe mushen, ba salla ba likkafani, tsabta ce kawai da tausayi, sa'an nan a wanke hannu da sabulu. Kada ku yi gaggawar sayo wata ran nan, ku jira sai ya nema. Game da ragon Layya kuwa, tun ranar da aka sayo shi za a gaya masa abin da aka sayo shi dominsa, da ladan da ke cikin kyautata masa.

Ku kuma ɗalibai, idan abokinku ya zo da irin wannan damuwa, kada ku yi masa dariya. Ku ce masa sannu, Allah Ya musanya maka da mafi alheri.

Shi ɗalibin nan nawa, washegari na kira shi gefe na ce, "Ɗana, jiya ban kyauta maka ba. Gaya mini, wace iri ce tantabarar?" Ya ce fara ce mai ɗigon baƙi a wuya, kuma idan ya yi fito takan sauko a kafaɗarsa. Ya yi minti goma yana ba ni labari, sa'an nan ya kawo haddarsa ba gyara ko ɗaya.

Allah Ya sanya rahama a zukatanmu, Ya raya mana zuriya bisa tafarkin Manzonsa.